Wa ya sayar da aikin kanikawan jirgin sama a Amurka?

Kowane jirgin fasinja, komai kyansa, yana da ranar da za a janye shi daga aiki a shigar da shi rumfar gyara. Akwai dubawar yau da kullum da ake yi masa a filin jirgi, tsakanin sauka da tashi ko cikin dare. Akwai kuma babban garambawul da ake yi bayan shekara 6 zuwa 10. A nan sai an cire kujeru, an ɗaye daɓe da bangon ciki, an kwance banɗaki da ma'ajiyar abinci, wani lokaci har fenti ake kankarewa. Sannan kanikawa su bi jirgin gaɓa-gaɓa da tocila da ɗan madubi, suna neman tsatsa da tsaguwar da ido ke gani da ƙyar. Aikin yakan ci wata ɗaya zuwa biyu, kuma kaso mai tsoka na kuɗinsa ladan ma'aikata ne. Shi ya sa duk lokacin da kamfani ya shiga matsi, a kan wannan aikin idonsa ke fara sauka.

A da, manyan kamfanonin jiragen Amurka da kanikawansu suke yin wannan garambawul, a rumfunansu. Ma'aikatan suna da albashi mai kyau da fansho da ƙungiya mai kare su. Yau yawancin aikin yana hannun 'yan kwangila, wasu a cikin Amurka, wasu a El Salvador da Meziko da Sin da Singafo. Ofishin babban sufeto na ma'aikatar sufurin Amurka ya bi diddigin manyan kamfanoni 9, ya gano cewa a 2003 kashi 34 cikin 100 na babban garambawul suke bayarwa kwangila, amma a 2007 ya kai kashi 71. Dubban kanikawa sun rasa aiki cikin waɗannan 'yan shekaru. Tun daga lokacin ƙungiyoyin ƙwadago ke nuna wa juna yatsa, kowace tana cewa ɗayar ce ta buɗe ƙofa.

Ƙungiyoyin da ke cikin rigimar huɗu ne. Akwai IAM, tsohuwar ƙungiyar masu aikin injuna, wadda ta haɗa kanikawa da masu lodin kaya da masu sayar da tikiti a inuwa ɗaya. Akwai TWU, ita ma mai tara ma'aikatan sufuri iri-iri. Akwai Teamsters, wadda aka fi sani da direbobin manyan motoci. Sai AMFA, ƙaramar ƙungiya mai zaman kanta da aka kafa a 1962, wadda ba ta cikin babbar tarayyar ƙwadago ta AFL-CIO. Kiran AMFA ɗaya ne tun farko: bakanike mai lasisi, wanda yake sa hannu ya ce jirgi ya cancanci tashi, bai kamata a haɗa cinikin albashinsa da na wanda bai yi irin karatunsa ba. Kanikawa da yawa sun ji daɗin wannan magana. Masu lodin kaya kuwa sun ɗauke ta raini, kuma ba su manta ba.

Sai mutum ya san dokar da ke mulkin wannan fanni kafin ya gane dalilin zafin gabar. Ma'aikatan jiragen sama a Amurka suna ƙarƙashin dokar ma'aikatan jirgin ƙasa ta 1926, wadda aka faɗaɗa ta haɗa da jiragen sama a 1936. A tsarinta, duk kanikawan kamfani ɗaya, a kowane gari suke, ƙungiya ɗaya tak ce ke wakiltarsu. Wadda ta ci zaɓe ta kwashe duka, wadda ta faɗi ta rasa mambobi da kuɗin ƙungiyar da suke biya. Tun da yawancin kanikawan manyan kamfanoni suna da ƙungiya, hanyar bunƙasa mafi kusa ita ce a ƙwace mambobin wata. Duk sanda aka rufe rumfar gyara, to an ba abokiyar hamayya abin yaƙin neman zaɓe.

Kamfanin United ya isa misali. Ya gina katafariyar cibiyar gyara a Indianapolis wadda aka buɗe a 1994, bayan jihar Indiana da birnin sun zuba kimanin dala miliyan 300 na jama'a don a kawo musu ayyukan. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 fasinja suka ja baya, kamfanin ya durƙushe, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Disamba 2002. Dokar Amurka ta ba alƙali ikon soke yarjejeniyar albashi idan kamfani yana cikin wannan hali, don haka IAM ta zauna teburin ciniki da wuƙa a wuya. A 2003 ta amince da yarjejeniyar da ta rage albashi ta kuma ba kamfanin damar bayar da babban garambawul kwangila. Aka rufe Indianapolis da Oakland. Kanikawa suka fusata, suka kori IAM a zaɓen Yuli 2003, suka ɗauko AMFA. A zamanin AMFA aka soke tsarin fanshonsu aka miƙa shi ga hukumar gwamnati, aka kuma soma kai manyan jirage Beijing don garambawul. A 2008 suka sake fusata, suka kori AMFA, suka ɗauko Teamsters, wadda ita ma da batun kwangilar ta yi yaƙin neman ƙuri'a. Ƙungiya uku cikin shekara 5, kuma rumfunan da aka rufe ba su dawo hannun ma'aikatan United ba. Wani kamfanin kwangila mai suna AAR ne ya karɓi hayar sashen cibiyar Indianapolis.

Abin da ya faru a kamfanin Northwest ya fi wannan ciwo. AMFA ta ƙwace kanikawan kamfanin daga IAM a zaɓen 1998, ta bar wa IAM masu lodin kaya da sauran ma'aikatan ƙasa. A 2001 ta samo wa mambobinta ƙarin albashi mai yawa, kuma ta yi ta alfahari da shi a sauran kamfanoni. Amma yarjejeniyar ta bar wa kamfanin damar bayar da har kashi 38 cikin 100 na aikin gyara kwangila. Northwest ya yi amfani da wannan dama, ya yi ta sallamar mutane. Mambobin AMFA a kamfanin, waɗanda suka haura 9,000, sun ragu zuwa kimanin 4,400 a 2005.

A wannan shekarar kamfanin ya sake dawowa. Ya nemi ragin dala miliyan 176 a shekara, wato a sallami kusan rabin waɗanda suka rage, sauran kuma a yanke musu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na albashi. AMFA ta ƙi, aka shiga yajin aiki ranar 20 ga Agusta 2005. Kamfanin ya riga ya shirya. Ya shafe watanni yana horar da kanikawa sama da 1,000 a Tucson ta jihar Arizona, da yawansu waɗanda wasu kamfanonin suka sallama ne, ya sauke su a otal-otal, ya riƙa kwaso su a motocin safa da masu gadi. Dokar Amurka ta yarda kamfani ya maye gurbin mai yajin neman albashi da wani, har na dindindin.

Masu yajin suka tsaya a bakin filayen jirgi na Minneapolis da Detroit da kwalaye a hannu, abokan aikinsu suna wuce su suna shiga. Matuƙa jirgi sun ci gaba da tashi. Ma'aikatan cikin jirgi sun ci gaba da aiki. Mambobin IAM sun shiga, har an ɗora musu wasu ayyukan da masu yajin ke yi a da, irin su tura jirgi baya daga inda fasinja ke shiga. Shugabannin IAM ba su ɓoye dalilinsu ba: ƙungiyar da ta shekara da shekaru tana kushe su tana ƙwace musu mambobi ba za su sa mutanensu su rasa abinci dominta ba. AFL-CIO ma ta ja jiki, ga shi wata ɗaya kafin nan ita kanta ta dare biyu, Teamsters da wasu manyan ƙungiyoyi sun fice. Ƙungiyar ma'aikatan kamfanonin mota ta UAW ce ta aiko da gudummawar dala 880,000. Northwest ya nemi kariyar kotu ranar 14 ga Satumba, jiragensa kuma ba su daina tashi ba. Yajin ya kai kwana 444, ya ƙare a Nuwamba 2006 ba tare da nasara ba. Guraben kanikawa da suka rage a kamfanin ba su kai 1,000 ba.

Har yau kowane ɓangare yana da nasa labarin. Mutanen AMFA suna cewa an ci amanarsu, da sauran ƙungiyoyi sun tsaya ko na mako ɗaya da kamfanin ya sauko. Mutanen IAM suna cewa AMFA ce ta sa hannu a kan kashi 38, ta sayar da ayyukan ƙananan ma'aikata don ta sayi ƙarin albashin manya. Ni a ganina dukkansu suna da gaskiya, kuma wannan ne abin baƙin cikin. Masu lodin kayan da suka wuce masu yaji ba su tsira ba, domin a kotu su ma an rage musu albashi an bayar da wasu ayyukansu kwangila.

TWU a kamfanin American ta bi wata hanya dabam. A 2003 ta karɓi ragin albashi mai zafi don a bar yawancin aikin a gida, musamman a babbar cibiyar Tulsa ta jihar Oklahoma, wadda har yanzu take ɗauke da dubban ma'aikata. AMFA ta yi ta kiran wannan sayar da kai, TWU kuma tana amsawa da cewa a je a dubi Northwest. Gaba kura baya sayaki: ko ka riƙe albashi ayyuka su tafi, ko ka riƙe ayyuka albashi ya zube. Kuma ko wannan sadaukarwar ba ta hana a rufe cibiyar Kansas City a 2010 ba, haka ta Alliance a Fort Worth bayan American ya shiga kotu a Nuwamba 2011.

Akwai wata hujja da masu zargin juna ba su cika ambata ba. Kanikawan kamfanin Delta ba su da ƙungiya ko ɗaya, amma a 2005 shi ma ya miƙa babban garambawul ga 'yan kwangila a Miami da Vancouver. Ayyukan sun tafi a ƙarƙashin IAM, sun tafi a ƙarƙashin AMFA, sun tafi inda babu kowa. Shugabannin kamfani ne ke yanke shawarar inda za a kai jirgi. Abin da ya ingiza su ya samo asali tun 1978, lokacin da gwamnati ta cire hannunta daga tsara farashin tikiti, gasa ta yi tsanani, sabbin kamfanoni masu araha suka shigo ba su da rumfunan garambawul na kansu. Laifin ƙungiyoyin shi ne sun sauƙaƙa wa kamfanoni aikin, domin kowane shugaban kamfani ya san zai iya fuskantar su ɗaya bayan ɗaya.

Fasinja zai tambaya ko jirgin da aka gyara a kwangila yana da haɗari. Ƙungiyoyin suna yawan cewa eh, kuma a nan sai an yi adalci. Ranar 8 ga Janairu 2003 wani ƙaramin jirgin Air Midwest ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Charlotte, mutum 21 suka rasu. Kwana biyu kafin nan an yi masa aiki a wata rumfa a Huntington ta jihar West Virginia. Kamfanin ya ba wani kwangila, shi ma ya ɗauko ma'aikata daga wani. Bakaniken da ya ɗaure wayoyin ƙarfen da ke motsa fiffiken wutsiya bai taɓa yin wannan aikin a irin jirgin ba, an tsallake matakai da dama na littafin gyara, kuma wanda ke koya masa shi ne mai duba aikin ya sa hannu. Da jirgin ya tashi da nauyi fiye da ƙima a bayansa, hancinsa ya ɗaga, matuƙan suka tura sanda gaba amma fiffiken bai sauka yadda ya kamata ba. Wannan a cikin Amurka ya faru, ba a wata ƙasa ba. Sai dai jirgin Alaska Airlines da ya faɗa teku kusa da California a Janairu 2000 ya kashe mutum 88, saboda zaren notin wata babbar ƙusa a wutsiyarsa ya cinye don rashin giris, kanikawan kamfanin ne da kansu ke kula da shi. Abin da ke kashe mutane shi ne gaggawa da ƙarancin horo da raunin sa ido, a ko'ina rumfar take. Bakaniken kamfanin kwangila na Aeroman a El Salvador ma'aikaci ne mai neman abincinsa, kuma mu da kamfanonin jiragenmu na Najeriya suka daɗe suna kai jirage ƙasashen waje don manyan gyare-gyare bai kamata mu yarda da maganar da ke nuna hannun baƙo shi ne matsala ba.

Inda ƙorafin ƙungiyoyin ke da ƙarfi shi ne bambancin ƙa'ida. A rumfar kwangila ba dole ba ne kowane mai riƙe da sifana ya mallaki lasisi, mai lasisi ɗaya yana iya sa hannu a kan aikin mutane da yawa. Shekaru da dama bakanike a Tulsa ana yi masa gwajin ƙwaya da giya, sufeton FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, yana iya faɗo masa ba sanarwa, amma ba a tilasta haka a rumfunan ƙasashen waje ba. A kan wannan batu ne ƙungiyoyin da ke gaba da juna suka matsa wa majalisa lamba ta fuska ɗaya. Dokar sabunta ayyukan FAA ta Mayu 2024 ta tanadi ziyarar bazata a rumfunan waje, kuma a Disamba 2024 hukumar ta fitar da ƙa'idar gwajin ƙwaya da giya ga ma'aikatan rumfunan da ke taɓa jiragen kamfanonin Amurka, aka ba su zuwa ƙarshen 2027 su cika. Dokar ta tsaya ne a kan yadda za a sa ido a kan aikin. Ba ta tilasta wa kowane kamfani ya mayar da garambawul gida ba.