Ushirin Da Banki Ke Yanka Daga Ajiyar Yara A Illela

Garin Illela, wanda ke arewa da Sakkwato, bakin iyaka da Birnin Kwanni na ƙasar Nijar, gari ne na ciniki. Ran Lahadi kasuwarsa takan cika maƙil da shanu da raƙuma da tumaki, ga albasa da hatsi, ga 'yan canji suna juya Naira da Sefa. Mutanen da suka tashi cikin irin wannan sana'a ba a cutarsu da lissafi. Amma akwai lissafi guda da yake shige wa da yawa daga cikinsu duhu, shi ne na asusun ajiya da akan buɗe wa yara a banki.

A da can, ajiyar yaro tunkiya ce ko karsana, wadda kakansa ya ba shi ran suna, tana haihuwa ana gani da ido. Da satar shanu ta yi yawa, kuma aka rufe iyaka daga Agusta 2019 har Disamba 2020, aka sāke rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sa'an nan ga ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, sai mutane suka ƙara karkata ga banki. Ajiyar banki kuwa ba ta kuka in an taɓa ta.

To, ga yadda abin yake. Babban Bankin Nijeriya ya ajiye wa bankuna mafi ƙarancin kuɗin ruwan da za su biya masu asusun ajiya, watau kashi 30 cikin 100 na ma'aunin ruwan da shi kansa ya tsayar. A Satumba 2020 ya saukar da shi zuwa kashi 10, a Agusta 2022 ya mayar da shi 30. Daga wannan ruwa hukuma na da ushiri, kashi 10 cikin 100, kuma banki ne ke yanke shi tun kafin kuɗin su zauna a hannun mai su. Na kamfanoni yakan tafi wa gwamnatin tarayya, na ɗaiɗaikun mutane kuwa ya tafi ga ofishin harajin jihar da suke zaune. Misali, a ce yaro yana da Naira 200,000, ruwa kuma kashi 8 ne a shekara. Ruwansa na shekara 16,000 ke nan, harajinsa 1,600. A wata guda ruwa kimanin 1,333, haraji kimanin 133. Ɗan kolin da ya iya raba riba da abokin cinikinsa ba zai kāsa wannan ba.

Wani malami zai ce, ina ruwansa da harajin kuɗin ruwa, alhali riba ce, ba ya ci, ba ya ciyar da ɗansa? Maganarsa tana da tushe, gama malamai da yawa sun yi fatawa a fitar da ruwan a ba mabukata ba da niyyar lada ba, kuma tun da bankin Jaiz ya soma aiki a 2012 an sami bankunan da ba su ta'ammali da ruwa. Sai dai mai tsoron riba shi ya fi kowa bukatar lissafin nan. Wanda ya fitar da 16,000 cur, bai san an riga an yanke 1,600 ba, ya ɗebi halas ɗin yaro ya bayar. In kuwa banki ya yi kuskure ya yanki fiye da ushiri, ragowar daga uwar kuɗi ta fita. Idan yaron maraya ne, nauyin ya ninku a kan waliyyinsa. Har wa yau a mazhabar Malikiyya zakka tana hawa dukiyar yaro ƙarami, ba shi yiwuwa a fitar da ita daidai sai an rarrabe uwar kuɗi da abin da ya hau kanta.

Wuraren da ya kamata a sa ido ba su da yawa. Layin haraji ya zama ushirin layin ruwa, kada ya haura, kada kuma ya fito sau biyu a wata ɗaya. Bisa ƙa'idar Babban Banki, wanda ya ciri kuɗi fiye da sau huɗu a wata ya rasa ruwan wannan watan. Saboda haka watan da babu ruwa babu dalilin haraji. Uban da ke zuba cinikin kasuwa a asusun ɗansa yana cira kullum, shi ya jawo wa yaron hasarar, ba akawu ba.

Akwai kuma haraji na biyu da mutane ke rikita shi da na farko, shi ne kuɗin kan sarki, Naira 50. A Janairu 2016 Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa karɓarsa daga kuɗin da suka kai Naira 1,000, ya keɓe asusun ajiya. Cikin Afrilu na shekarar Kotun Ɗaukaka Ƙara a Ikko ta ce dokar da ake da ita ba ta ba da wannan izini ba. Sai Dokar Kuɗi ta 2019 ta tabbatar da shi a kan Naira 10,000 zuwa sama. A ƙarshen Yuni 2020 bankin Access ya tara kuɗin kan sarki na Fabrairu zuwa Afrilu waɗanda bai karɓa a kan kari ba, ya kwashe su gaba ɗaya daga asusun mutane. Jama'a suka yi ca, bankin ya ba da haƙuri, ya ce zai mayar, shi ya biya daga aljihunsa. Kuskuren na'ura ko na akawu ba ya tsayawa kan mutum guda, ya kan bi dubbai a dare ɗaya, kuma asusun da ba a leƙawa shi ya fi daɗewa da shi. Daga 1 ga Janairu 2026 sabuwar dokar haraji ta ɗora Naira 50 ɗin a kan mai aikawa, ba mai karɓa ba.

Ba Nijeriya kaɗai ba ce. A Ingila, kafin Afrilu 2016, bankuna suna yanke kashi 20 cikin 100 daga ruwan ajiya, sai iyaye sun cika wata takarda mai suna R85 kafin a ƙyale na yaro, wanda aka yanka ba bisa ƙa'ida ba kuma a bi ofishin haraji a karɓo. Daga baya hukumarsu ta soke yankan daga banki ɗungum.

Abin da ya fi cutar mutanen Illela shi ne harshe. Takardun Naira 200 da 500 da 1,000 suna ɗauke da adadinsu da Ajami, amma saƙon da banki ke aikowa a waya da Turanci yake, cike da gajerun haruffa, kuma kuɗin saƙon ma daga asusun ake cire shi. Malamin da ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka, sai ya nemi ɗan makarantar boko ya karanta masa layi biyu.

Wanda ya ga ba daidai ba, ya nemi takardar bayanin asusu a reshen bankinsa, ya rubuta kukansa, ya riƙe kwafi mai hatimin banki da kwanan wata. Ƙa'ida ta ba banki wa'adi ya warware. In bai yi ba, a kai ƙara Sashen Kāre Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki, wanda ke da reshe a birnin Sakkwato. A 2015 Babban Banki ya sa wa irin wannan kuka wa'adin shekara shida daga ranar da aka yi yankan. Yaron da aka buɗe wa asusu yana goye, in an jira sai ya balaga ya duba da kansa, wa'adin shekarunsa na farko ya riga ya wuce.