Maganin da ke tare cuta tun tana saƙo

Duk likitan da ke duba masu hawan jini ya san wannan hali: a rubuta wa mutum ƙwayoyi, ya sha wata guda, kai ya daina sarawa, sai ya ajiye. Wani kuɗi ne ya yanke masa, wani mantuwa ce, wani kuwa cewa zai yi ai ya warke. Ba za a sake ganinsa ba sai ranar da aka kawo shi ranga-ranga, ɓarin jiki ya shanye. Wannan ya sa nake bin labarin magungunan RNA da ido sosai, domin a cikinsu akwai waɗanda allura ɗaya ke aiki wata shida.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da DNA, kundin da aka rubuta yadda za a haɗa kowane furotin da jiki ke buƙata. Kundin ba ya fita daga ma'ajiyarsa. Idan ana son wani furotin, sai a kwafo shafin da ya dace a wani zare mai suna RNA, a kai shi wurin haɗawa, a yi aiki da shi, sannan ya narke. Kamar littafin malam ne da allon ɗalibi: a kwafa, a karanta, a wanke, littafi na nan yadda yake. Magungunan da muka saba da su suna jira ne a gama haɗa furotin kafin su yi kokawa da shi. Na RNA kuwa a kan saƙon suke aiki.

Yawancinmu a lokacin korona muka fara jin sunan. Rigakafin Pfizer da BioNTech, da na Moderna, saƙo ne da ake aika wa jiki ya haɗa wani ɗan yanki na ƙwayar cutar don garkuwar jiki ta gane ta. Katalin Karikó, 'yar wani mahauci a Hangari, da Drew Weissman ne suka gano a 2005 yadda za a gyara saƙon ya shiga jiki ba tare da ya tayar da kumburi ba, suka kuma samu kyautar Nobel a 2023. Jita-jitar da ta yi yawo cewa allurar tana canja halittar mutum ba ta da tushe, saƙon ba ya shiga inda DNA take, kuma cikin 'yan kwanaki yake narkewa.

Amma ɓangaren da ya fi jan hankalina shi ne na kashe saƙo. A 1998 Andrew Fire da Craig Mello, suna bincike a kan wata 'yar tsutsa da da ƙyar ido ke ganinta, suka gano cewa ɗan guntun RNA mai zare biyu yana sa ƙwayar halitta ta nemo saƙon da ya yi daidai da shi ta yayyanka. An ba su Nobel a 2006, amma sai da aka shekara ashirin da binciken kafin magani na farko, patisiran, ya samu izini a Amurka a 2018. Abin da ya ci lokacin shi ne isarwa. RNA ba ta da ƙwari, tana shiga jini ake lalata ta. Aka fara naɗe ta a ɗigon kitse, daga baya aka gano cewa idan aka liƙa mata wani nau'in sukari, hanta da kanta take janyo ta ciki. Shi ya sa kusan duk magungunan wannan layi cututtukan da tushensu ke hanta suke magancewa.

Ɗaya daga cikinsu shi ne inclisiran, mai hana hanta haɗa wani furotin da ke sa mugun kitse taruwa a jini. Ana yin allurar farko, a sake bayan wata uku, daga nan sai duk wata shida, kuma tana rage kitsen da kusan rabi. Na hawan jini, zilebesiran, yana matakin gwaji, kuma gwaje-gwajen farko sun nuna allura ɗaya na riƙe jini har wata shida. Sai dai akwai abin dubawa. Ƙwaya idan ta yi wa mutum yawa, gobe sai ya daina sha. Allurar wata shida ba ta fita don an yi nadama. Mai gudawa da amai da jininsa ya faɗi fa? Macen da ta samu ciki bayan allura fa, alhali an san magungunan hawan jini da ke taɓa hanyar da zilebesiran ke aiki a kai suna cutar da ɗan tayi? Inda zazzaɓi da kwalara da yawan haihuwa suke, waɗannan tambayoyi ne na farko, kuma ba za a amsa su da gwajin da aka yi kan Turawa kaɗai ba.

Sai kuɗi. Nusinersen, wanda ake yi a ruwan laka ga jariran da aka haifa da ciwon shanyewar tsoka, ya yi tasirin da ya sa aka tsayar da gwajinsa tun kafin lokaci a 2016 don a ba duk yaran. Lokacin da ya fito, an sa masa farashin dala 750,000 a Amurka don shekarar farko ta jinya. Casgevy, maganin sikila da ke amfani da guntun RNA a matsayin jagora wajen gyara DNA, an sa masa dala miliyan 2.2, alhali babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan jariran da ake haifa da sikila.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin ƙasashen Afirka shida da za a koya wa fasahar haɗa rigakafin RNA daga cibiyar da aka kafa a Afirka ta Kudu, kuma BioNTech ta buɗe masana'anta a Kigali a ƙarshen 2023. Wannan ya shafi rigakafi ne. Magungunan kashe saƙo har yanzu suna hannun kamfanoni ƙalilan masu riƙe da haƙƙin mallakarsu. Ya kamata asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Yamai su nemi shiga manyan gwaje-gwajen tun yanzu, bisa sharaɗin cikakken bayani da yardar majiyyaci, ganin Kano ba ta manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a can a 1996 ba, gwamnatocinmu kuma su fara cinikin farashi kafin maganin ya shigo kasuwa.