Me Ke Karya Gada? Nazari Daga Hanyar Jega, Aliero da Maiyama

 Mai yiwuwa wani ya yi mamakin ganin malamin Hausa ya tashi zai yi magana a kan gada, alhali ga injiniyoyi a zaune. To, ni ta ƙofar harshe zan shiga, domin yadda al'umma ke ambaton abu yakan nuna yadda ta ɗauke shi.

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana da kadarko, wato itatuwan da akan gitta a kan ƙorama, yana da mashigi inda akan ratsa ruwa da ƙafa, yana kuma da fito, inda Sarkin Ruwa da mutanensa ke ƙetarar da fatake da kwale-kwale ko da gora. Ita kalmar gada baƙuwa ce. Masana harshe sun ce an aro ta ne daga sunan da Turawan Ingila ke kiran doguwar dirkar ƙarfe da akan shimfiɗa a kan ginshiƙai. Abin lura shi ne yadda muke faɗi in ta lalace. Mukan ce ruwa ya karya gada, ko ruwa ya ci gada, ko ruwa ya tafi da ita. A duk jimlolin nan uku ruwa ne aikau, shi ke ɗaukar laifin baki ɗaya, babu ɗan Adam ko ɗaya a ciki. Nufina a wannan lacca in nuna cewa nahawun nan ya yi wa mutum sassauci fiye da kima.

Bari mu fara da ƙasar da muke magana a kanta. Garin Jega yana bakin Gulbin Zamfara ne, wanda ya biyo ta ƙasar Anka da Gummi, ya wuce Jega ya je ya haɗu da gulbin da ya gangaro daga Sakkwato. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa garin a farkon ƙarni na 19, kuma kasuwarsa ta yi suna tun zamanin fatauci da jakuna. Yau babbar hanyar tarayya mai lamba A1, wadda ta taso daga Legas ta ratsa Ilori da Jebba da Mokwa da Kwantagora da Yawuri da Koko, ta ƙasar Maiyama take bi ta shiga Jega, sannan ta nufi Sakkwato ta gefen Aliero. A Jega ɗin ne kuma hanyar Birnin Kebbi ta rabu. Layin dogo bai taɓa zuwa wannan yanki ba. A Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929. Ma'anar wannan ita ce, kowane buhun albasar Aliero da za a kai kudu, da shinkafar fadama, da shanu, da man fetur da simintin da za a kawo, duk a bisa taya suke tafiya, kuma kowace taya sai ta taka gadoji da kwalbatocin hanyar nan ɗaya bayan ɗaya. Albasa kuwa ba ta jiran gyara. Mota ta kwana huɗu a bakin karyayyar gada cikin zafi, to manomi da dillali sun yi asara.

Mun riga mun ga misalai a kusa da mu. A watan Satumba na 2010 ambaliyar Gulbin Rima ta yanke hanyar da ta haɗa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da birnin Sakkwato. A watan Yuni na 2017 gadar Tatabu, tsakanin Mokwa da Jebba, ta rufta bayan ruwa mai ƙarfi, manyan motoci suka yi cirko-cirko. Damunar 2020 ta shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi, ta lalata hanyoyi da gadoji. Sannan ranar 29 ga Mayu, 2025, ambaliyar Mokwa ta hallaka mutane fiye da 150, ta kuma yanke gadar garin. Biyu daga cikin waɗannan a kan hanyar da ta ratsa Jega suka faru, sai dai can kudu.

To, yaya ruwa ke karya gada? Galibin mutane sun ɗauka ture ta yake yi da ƙarfin tsiya, kamar yadda ɗan kokawa ke kayar da abokin karawarsa. Hakan yakan faru, amma ba shi ne ya fi yawa ba. Abin da ya fi yawa shi ne ƙwaƙular ƙasa daga ƙarƙashi. Idan ruwa mai gudu ya tarar da ginshiƙi a gabansa, sai ya rabu biyu, ya ƙara sauri, wani sashensa kuma ya nutsa ƙasa yana juyawa kamar guguwa a gindin ginshiƙin. Wannan juyawa ita ke ɗebe yashi da laka kaɗan-kaɗan, har rami ya samu. In harsashin bai yi zurfi ba, wata rana sai ginshiƙin ya wayi gari a tsaye bisa wofi, ya karkata, abin da ke kansa ya biyo shi. Wani bincike da aka yi a Amurka a kan gadoji 503 da suka faɗi tsakanin 1989 da 2000 ya nuna cewa wajen kashi 53 cikin 100 ambaliya ce da irin wannan ƙwaƙula suka kayar da su. Haka ta faru a gadar Schoharie ta Jihar New York ranar 5 ga Afrilu, 1987, inda mutum 10 suka mutu: harsashinta ba shi da zurfi, duwatsun da aka jibge don kare gindinta kuma sun zube ba a mayar ba.

A nan akwai wata dabara ta ruwa da ya kamata ma'aikatanmu su sani. Lokacin da ambaliya ke janyewa, ruwan yakan rage gudu ya sake zuba yashi a cikin ramin da ya haƙa. Mai duba gada ya zo da rani, ya ga yashi shimfiɗe lafiya lau, ya rubuta cewa babu matsala. Alhali yashin nan sako-sako ne, ba ya riƙe komai, damuna ta gaba cikin sa'o'i kaɗan za ta kwashe shi ta ci gaba daga inda ta tsaya. Saboda haka kallo da ido bai wadatar ba, sai an soka sanda ko ƙarfe an auna inda ƙasa mai tauri ta fara. Mu kuwa a nan muna da wata sa'a da mutanen Turai ba su da ita: yawancin ƙoramunmu sukan ƙafe, gulaben kuma su ja baya ƙwarai daga Fabrairu zuwa Mayu, har mutum ya iya zuwa gindin ginshiƙi da ƙafarsa ba tare da ya nemi mai nutso ba.

Sau da yawa ma ba ita gadar ce ke fara tafiya ba. Cikon ƙasar da ya haɗa ta da hanya, wanda za mu iya kira wuyan gada, shi ruwa ke fara ci. Wannan yakan auku in ƙofar da aka bar wa ruwa ta yi masa kaɗan, ko kuma ta toshe da kututture da kara da leda. Ruwan sai ya taru a baya kamar an yi masa madatsa, ya nemi wuri mai laushi ya fasa. Ƙaramin kwalbati a ƙauyen Maiyama da babbar gada a kan gulbi duk doka ɗaya ke aiki a kansu. Kuma gadar da aka auna wa ruwan shekaru hamsin da suka wuce, ba irin ruwan nan take karɓa yau ba, domin dazuzzukan da ke tare ruwan sama su ba ƙasa dama ta sha an sare da yawansu, gari kuma ya faɗaɗa ya toshe tsofaffin magudanai.

Sai masu ɗibar yashi. Ba na zargin mai tifa da neman abincinsa, amma ramin da aka haƙa a cikin gulbi kusa da gada ba ya zama wuri ɗaya. Ruwa yakan ja shi sannu a hankali har ya iso gindin ginshiƙi. A ƙasar Fotugal, ranar 4 ga Maris, 2001, wata tsohuwar gada a kan kogin Douro ta rufta da motar safa da ƙananan motoci, mutum 59 suka hallaka, kuma ɗibar yashi na shekara da shekaru yana cikin manyan dalilan da aka gano.

Mu bar ruwan gulbi mu koma jikin gadar. Kankare yana da ƙarfin jure danniya, amma ba ya jure ja, shi ya sa ake saka masa rodi a ciki. Muddin kankaren ya lulluɓe rodin da kyau, tsatsa ba ta samunsa. Amma masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar ruwa ya sami tsaga ya kai ga ƙarfen, tsatsa ta kama, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninkin-ba-ninkin, sai ta kumbura ta ɓamɓare kankaren daga ciki. In kun ga jan zane yana gangarowa a cikin gada, ko rodi ya fito fili, to ciwon ya jima. Gadar Morandi ta birnin Genoa a Italiya, wadda aka buɗe a 1967, tsatsar igiyoyin ƙarfen da ke ɓoye cikin kankare ce ta ci ta, ta faɗi ranar 14 ga Agusta, 2018, da rayuka 43. Inda ɗan kwangila ya rage siminti ko ya ƙaranta kaurin lulluɓin, ya rage wa gada shekaru tun ran gini.

Zafi ma yana da nasa aiki. Gada mai tsawon mita 100, in bambancin sanyin daren hunturu da zafin ranar bazara ya kai digiri 30, takan miƙe ta kuma tsuke da abin da ya haura santimita uku da rabi. Don haka ne magina ke barin tsaga da gangan a mahaɗar sassanta, su kuma ɗora ta a kan wasu matasai na roba ko ƙarfe. Idan yashi da tsakuwa suka cika tsagar, ko mai gyaran hanya ya malale ta da kwalta don ya ga wuri ya yi sumul, gadar ta rasa wurin motsi, sai ta riƙa tunkuɗar ginshiƙanta. Maganin wannan tsintsiya ce da shebur.

Game da lodi ba sai na tsawaita ba, kowa ya ga tirelar da aka ƙara wa bodi, an loda buhuna, an kuma ɗora mutane a bisa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ɓarnar ba daidai da nauyin take ƙaruwa ba. Gwajin da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, lahanin da yake yi wa shimfiɗar hanya yakan ninka kamar sau goma sha shida. Ƙarfen gada kuma yana gajiya, kamar wayar da yaro ke lanƙwasawa yana miƙarwa har ta katse. Gadar Minneapolis da ta faɗi ranar 1 ga Agusta, 2007, ta kashe mutum 13, tun asali farantan ƙarfen da suka haɗa gaɓoɓinta rabin kaurin da ya kamata aka yi su. Ta jure shekara 40 a haka, ana ta ƙara mata kankare a sama, har ranar da aka jibge mata yashi da kayan aikin gyara a daidai wurin da ta fi rauni.

Yanzu ga inda nake son ma'aikata su ba ni kunnuwansu. Ranar 15 ga Disamba, 1967, gadar Silver da ke kan kogin Ohio ta faɗi da mutum 46, saboda wata tsaga da zurfinta bai wuce milimita uku ba a jikin ƙarfe guda. Abin da ya biyo baya shi ne abin koyi: zuwa 1971 Amurka ta kafa ƙa'idar cewa kowace gada ta babbar hanya sai an shigar da ita rajista, an kuma duba ta a ƙalla sau ɗaya cikin shekara biyu. Mu a nan hanyoyinmu kashi uku ne, na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, kuma an kafa hukumar FERMA a 2002 don gyaran na tarayya. Rabon yana da kyau a takarda. A aikace kuwa, shugaban ƙaramar hukuma yakan bi ta kan gada kullum, ya ga ramin da ke gefenta, ya ce ta tarayya ce. Wanda take hannunsa kuma yana can nesa, bai gani ba. Bugu da ƙari, sabuwar gada tana da ranar buɗewa da makaɗa da allo mai ɗauke da suna, amma yashe kwalbati ba shi da biki, saboda haka shi ne farkon abin da ake tsallakewa in kuɗi sun yi ƙaranci.

A ganina abin da ya fi gaggawa a ƙananan hukumomin nan uku littafi ne. Kowace gada da kowane kwalbati a ba shi lamba, a rubuta shekarar gininsa, da mai alhakinsa, da zurfin yashin gindinsa a watan Afrilu, da inda ruwa ya kai a watan Satumba, a haɗa da hoto. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006. Ɗalibanta na fannin injiniya za su iya wannan awo a matsayin aikin karatu, kuma tazarar ba ta fi ƙarfin babur ba. Masunta da masu fito da manoman fadama su ne suka fi kowa sanin inda gulbi ke sauya hanya, sai a tambaye su a rubuta. Hakimi ko dagaci kuma a ba shi ofishi guda sananne da zai kai rahoto, a kuma ba shi amsa a rubuce mai kwanan wata, yadda in an zo bincike daga baya za a san a teburin wa takardar ta kwana.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.