Dogon Hutu da Zubewar Karatu: Darasi Daga Amurka

Duk mahaddacin Alƙur'ani ya san cewa in ya yi makonni bai yi tilawa ba, hadda takan fara zubewa. Haka abin yake ga karatun boko. A Amurka, inda akan rufe makarantu daga watan Yuni zuwa Agusta don hutun bazara, masana sun daɗe suna auna abin da yara kan manta, da kuma waɗanda abin ya fi cutarwa.

A shekarar 1996 Harris Cooper da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a baya, suka gano cewa a matsakaicin lissafi yaro yakan dawo daga hutu da asarar karatun kimanin wata guda. Lissafi ya fi saurin zubewa, kuma kowa abin yakan shafa. Amma a fannin karatu aka ga bambanci: 'ya'yan masu hali sukan tsaya inda suke ko ma su ɗan ƙaru, 'ya'yan talakawa kuwa su koma baya.

Me ya kawo haka? Tun a 1982 Karl Alexander da Doris Entwisle na Jami'ar Johns Hopkins suka fara bin diddigin yara kusan 800 'yan aji ɗaya a birnin Baltimore, suna gwada su a farkon shekarar karatu da kuma ƙarshenta. Sai suka ga muddin makaranta na buɗe, ɗan talaka da ɗan mai hali kusan tafiya ɗaya suke yi. A lokacin hutu ne tazara ke buɗewa. Suka kwatanta makaranta da famfo. In yana zuba kowa na sha. In aka rufe shi, ɗan mai hali yana da randa a gida, wato littattafai da ziyarar laburare da iyaye masu sukunin zama da shi. Ɗan talaka kuwa sai ya jira a sake buɗewa.

Sai dai kimiyya ba ta rufe ƙofar gyara. A 2019 Paul von Hippel na Jami'ar Texas ya nuna cewa gwaje-gwajen zamani ba su tabbatar da girman wannan tazarar hutu ba, kuma mafi yawan giɓin yana nan tun kafin yara su shiga makaranta. Duk da haka bai musa cewa hutu dama ce ta taimaka wa wanda aka bari a baya ba.

To, ina mafita? Richard Allington da Anne McGill-Franzen sun yi gwaji a makarantu 17 na unguwannin talakawa a jihar Florida. Kafin kowane hutu sai a baje littattafai, yaro ya zaɓi guda 12 da kansa, su zama nasa. Bayan shekaru 3 ana haka, sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna waɗannan yara sun fi takwarorinsu da ba su samu ba iya karatu, kuma mafi talauci cikinsu su suka fi amfana. Shi kuwa James Kim na Jami'ar Harvard ya ƙara da cewa littafin ya dace da ƙarfin yaro, malami ya koya masa yadda zai karanta shi kaɗai tun kafin a tashi, sannan ya riƙa karanta wa wani babba a gida.

Mu ma muna da dogon hutu a ƙarshen zango na uku. Malamin da makarantarsa ke da kabad na littattafai, kada ya kulle shi har Satumba. Ya ba da aro, ya rubuta sunaye, ranar dawowa kowa ya ba da labarin abin da ya karanta. Kai kuma ɗalibin sakandare, ƙanenka na firamare yana buƙatar mai saurarensa. Zauna da shi kullum bayan la'asar, ko da na minti 20 ne, ya karanta maka shafi guda.