Wa Ke Zaɓar Wa Marubuci Garin Labarinsa?



Jawabina ya shafi wurin aukuwar labari, musamman a irin ƙagaggun labaran nan na binciken laifi, inda ake kisa ko sata a ɓoye, sa'an nan a bi sawu har a gano mai laifin. Galibi mai karatu yana zaton marubuci shi kaɗai ya zaɓi garin da ya kafa labarinsa. Sau da yawa kuwa mai buga littafin yana da hannu a ciki, domin shi ya zuba kuɗinsa, shi kuma ya san inda masu saye suke. Alal misali, James Hadley Chase, wanda samarinmu suka sha karantawa, mutumin Ingila ne, amma littafinsa na farko na 1939 a Amurka ya kafa shi, da taimakon taswira da ƙamus na karin maganar Amurkawa, saboda labarin 'yan ta'addan can shi ke ci a kasuwa a lokacin.

A ƙasar Hausa matsin ya ɗauki wata siffa dabam. Cikin 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Littattafan makaranta hukumar take nema, don haka edita ke da ta cewa a kan abin da ya dace da yara. East da kansa ya tara wa Abubakar Imam littattafan Larabawa da na Turawa, Imam ya sa wa labaransu rigar Hausa a cikin Magana Jari Ce. Jiki Magayi kuwa, wanda ya fi sauran kusa da labarin laifi, tare suka rubuta shi da John Tafida. Wato tun ran gini, mai bugawa yana zaune a gefen marubuci.

To, amma a ganina matsin da ya fi ƙarfi shi ne wanda ba a faɗa, wato na harshe. Daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, kuma ita kamfanonin ɗab'i irin su Gaskiya da NNPC suka riƙe, domin ita ake karantarwa, ita ake jarrabawa da ita. Mu ƙaddara wani malami daga Kamarawa, a ƙasar Isa, ya rubuta labarin kisan kai da ya auku a garinsu. Mutanensa za su ce "mi kaka so?" edita ya mai da shi "me kake so?" Su ce "shina hwaɗi", a gyara ya koma "yana faɗi". Kafin a kai ƙarshen rubutun, Bagobiri ya zama Bakano. Da zarar bakin mutane ya sauya kuwa, sunan garin ya zama ado kurum, sai marubucin ya ga gara ya kwashe labarin ɗungum ya kai shi Kano ko Kaduna ya huta.

Wannan hasara ta fi tsanani a labarin bincike, domin shi da ƙananan alamu ake saƙa shi. Kalma guda da ta suɓuce wa baƙo tana iya tona asalinsa. Haka zanen Gobirci a fuska, ko kuɗin sefa a aljihun mutumin da ya rantse bai taɓa ƙetare iyaka ba. Dubi yadda tarihi ya shirya wannan yanki: Alƙalawa ta faɗi cikin 1808, Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wasu suka kafa Sabon Birni, sa'an nan Ingila da Faransa suka ja layi tsakanin 'yan'uwa. Mai laifi ya aikata abinsa da dare a nan, gari ya waye masa a ƙarƙashin wata hukuma, a gidan kawunsa. Wane marubuci ne zai raina irin wannan fili?

An kuwa gwada, an ga yana yiwuwa. Gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya ta fito da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina cikin 1982, labarin fasa-ƙwauri a kan iyaka, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Sai dai gasa ce ta gwamnati, ba ɗan kasuwa ne ya sa jarinsa ba.

Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga wajen 1984, marubuta suka shiga buga littattafansu da kansu, sai dillali ya maye gurbin edita. Shi kuma abin da ya ga ana saye shi yake nema: soyayya, babban birni, gidan attajiri.

Ƙasar Isa da Sabon Birni kuwa ta shiga bakin duniya ta hanyar da ba mai so. Cikin Disamba 2021 'yan bindiga suka ƙone matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa. Cikin Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Mai karatu a Kano ya san waɗannan garuruwa daga labaran rediyo, cikin daidaitacciyar Hausa, tare da adadin waɗanda aka kashe.