Tsakanin ɗan jarida da maroƙi a fagen siyasar Najeriya

A ƙasar Hausa yabon masu mulki sana'a ce mai asali, wadda ke da masu ita. Idan maroƙi ya wasa basarake a bainar jama'a, kowa ya san wanda zai sallame shi, saboda haka ba wanda ke ɗaukar kirarinsa a matsayin shaida. Matsalar tana tasowa ne idan irin wannan kirari ya shigo cikin labarun ƙarfe bakwai, inda mai sauraro ya saki jiki cewar gaskiyar abin da ya faru ake gaya masa.

Ba kasafai yabon ke fitowa ƙarara ba. Sau da yawa yana ɓuya ne a zaɓen kalmomi: a ce gwamna ya “gwangwaje” talakawa da rijiyoyin burtsatse, alhali kuwa da kuɗin baitulmali aka haƙa su, ko kuma a karanto sanarwar kakakinsa daga farko har ƙarshe ba tare da an tambayi nawa aka kashe ba, balle a je ƙauyen a ga ko ruwan na zuwa.

Ƙa'idojin aikin jarida da ƙungiyar 'yan jaridu ta NUJ da takwarorinta na editoci da masu gidajen jaridu suka amince da su a Ilorin a 1998 sun haramta neman lada ko karɓarsa domin a buga labari ko a danne shi. Sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ɗora wa kafofin yaɗa labarai alhakin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a.

To, amma rubuta ƙa'ida daban, cika ta daban. Wakilin da ya yi watanni ba albashi, da wuya ya mayar da ambulan ɗin “kuɗin mota” da ake rabawa bayan taron manema labarai, kuma wanda ya ci ladan kuturu, in ji Hausawa, dole ya yi masa aski. Gidajen rediyo da talabijin na jihohi kuwa, gwamna ne ke naɗa shugabanninsu. An yi zaton ba wa 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, bayan kafa hukumar NBC a 1992, zai magance wannan. Ya dai faɗaɗa fagen, sai dai yawancin tashoshin sun dogara ne da tallace-tallacen gwamnati da filayen da 'yan siyasa ke saya, irin waɗanda “sojojin baka” suka yi suna a kansu a Kano.

Sayar da fili ba laifi ba ne muddin aka shaida wa mai sauraro cewar biya aka yi. Inda gizo ke saƙar shi ne idan muryar da ta karanta tallar ɗan takara da safe ita ce za ta yi masa tambayoyi da dare.