Aikin Awa Ɗaya a Mako

Ranar Litinin na tare Adaidaita Sahu a Ƙofar Nasarawa, sai direban ya waiwayo ya ce, "Malam, ba ka gane ni ba?" Ashe ɗalibina ne, ni na duba kundin digirinsa. Ya ƙi karɓar kuɗina, ni kuwa na kasa haɗa ido da shi.

A wurin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wannan matashi ba ya cikin marasa aiki. Tun da ta sauya ma'auni a 2023, aikin awa ɗaya a mako ya isa a kira mutum ma'aikaci, sai adadin marasa aikin ya rikito daga kashi 33.3 zuwa 4.1 cikin ɗari. Masaƙun Bompai da Sharaɗa kuwa, waɗanda suka ciyar da iyayenmu, yawancinsu har yau a garƙame suke.